Ga Matashin Da Kuɗi Ba Ya Kwana A Hannunsa

Assalamu alaikum 'yan uwana matasa.

Akwai saurayin da za a biya shi albashi ranar 28 ga wata, kafin 3 ga sabon wata aljihu ya yi fayau. Aboki ya nemi rance ya miƙa, ya ga takalmi ya saya, ya biya wa 'yan majalisa shayi da ƙwai, kuɗin haya kuwa bai tuna ba sai da mai gida ya buga ƙofa. A gida a ce hannunsa rariya ne, wasu su ce sammu aka yi masa. A cikin irin waɗannan matasa akwai waɗanda matsalarsu ta faro tun suna ciki, saboda mahaifiyarsu ta sha kayan maye da juna biyu.

Abin da likitoci suka fi tabbatar da ɓarnarsa shi ne giya, ta kwalba ce ko burukutu. Tana ratsa mabiyiya ta isa ga tayi, shi kuwa hantarsa ba ta yi ƙwarin tace ta ba, sai ta taɓa sassan ƙwaƙwalwa masu kula da lissafi, tuna abu, tsara gobe da danne son rai. Likitoci biyu, Kenneth Jones da David Smith, su suka raɗa wa wannan ciwo da giya ke jawo wa tayi suna Fetal Alcohol Syndrome a 1973 a birnin Seattle na Amurka. A 1996 wata masaniya mai suna Ann Streissguth ta fitar da bincike kan mutum 415 masu wannan lalura, ta tarar kusan takwas cikin goma na manyan cikinsu suna fama da riƙe aiki, kusan haka kuma ba sa iya zaman kansu. Kodin da tiramol kuma, jaririn da ya saba da su a ciki yakan fito da kuka mai tsini, karkarwa da ƙin kama nono. Akasarin waɗanda giya ta taɓa tun suna ciki ba a gane su a fuska, bakinsu kuma garau, shi ya sa ake ɗora musu abin da ba za su iya ɗauka ba.

Idan ka ga kanka a wannan siffa, daina dogaro da "wannan watan zan kula". Alkawari a ka yake zama, kan kuwa shi ne mai rauni. Fitar da tsarin waje, inda ido zai gan shi.

Farko nemi amintacce guda ɗaya, yaya ko kawu ko inna, wanda ba ya cin bashi a wurinka. Ranar da kuɗi ya shigo ku zauna tare, a ranar ba washegari ba, a cire haya, abinci da kuɗin mota. Misali albashin naira 70,000: 15,000 ta tafi tarin haya, 5,000 adashe, 50,000 a raba huɗu, 12,500 kowane mako. Amintaccen ya riƙa ba ka na mako ranar Litinin, tsaba, a ambulan bakwai, ɗaya na kowace rana. Dalilin tsabar shi ne lambar da ke cikin waya ba ta yi wa irin wannan ƙwaƙwalwa kama da kuɗi, amma ambulan da ya yi sirit kowa ya san ma'anarsa. Katin banki ya zauna a gida.

Duk abin da za ka saya da ya haura naira 5,000, jira kwana ɗaya tukuna. Mai sayarwa ya ce yau kaɗai ne, ka ce sai ka yi shawara. Goge manhajojin bashi da na caca daga wayarka, domin an gina su ne a kan gaggawa, ga ruwa mai ninkawa. Lambar BVN, NIN da lambar sirri ba a ba aboki, kuma kada ka ara wa kowa asusunka a turo kuɗi ta ciki, don idan na damfara ne sunanka za a gani. Bashi a rubuta shi da shaidu. Aya ta 282 a Suratul Baƙara ma ta ce idan wanda ake bi mai rauni ne, waliyyinsa ya yi shiftar.

Wajen aiki, zaɓi sana'a mai tsari ɗaya kullum, kamar ɗinki, gyaran waya, walda ko kiwo, ka guji zama kan akwatin kuɗi ko POS inda ake ba da canji cikin hayaniya. Roƙi maigidanka ya riƙa ba ka umarni ɗaya-ɗaya, ka rubuta, ka sa ƙararrawar waya.

Ku kuma 'yan uwa, gori ba ya gyara wannan, haka tsine wa uwa. Da yawan iyaye mata ba su san suna da ciki ba lokacin. Ku raka matashin asibitin ƙwaƙwalwa, kamar na Dawanau a Kano, na Barnawa a Kaduna ko na Kware a Sakkwato, a gaya wa likita tarihin cikin ba ɓoye-ɓoye. Mai ciki da ke shan giya ta daina yau, in ta saba sosai likita ya taya ta. Mai shan kodin ko tiramol kada ta yanke rana ɗaya da kanta, yin hakan na iya tayar da naƙuda kafin lokaci. Ta faɗa wa ma'aikatan awo su rage mata a hankali ko su sauya mata magani.