Iya taka leda daban, iya koyar da ita daban

Sau biyu cikin ƙasa da shekara biyar Najeriya ta koro mu gida daga zagayen 'yan 16 na gasar cin kofin Afirka, kuma duka biyun wanda ke tsaye a bakin layin Zakunan Kamaru mutum ne da in aka ambaci sunansa a majalisar ƙwallo sai an gyara zama. A 2019, a Iskandariya ta Masar, Clarence Seedorf ne, mutumin da ya ɗaga kofin zakarun Turai sau huɗu da ƙungiyoyi uku, Ajax da Real Madrid da AC Milan, ga kuma Patrick Kluivert a gefensa yana mataimaki. Muka tafi hutun rabin lokaci muna gaba da 2-1, aka tashi 3-2. A Janairun 2024, a Abijan, Rigobert Song ne, kyaftin ɗinmu da ya buga wa ƙasa wasa 137, ya ci kofin Afirka a 2000 da 2002. Ademola Lookman ya zura mana biyu, mu ko ɗaya.

A nan Garwa irin wannan kashi ya fi ciwo, don da yawanmu muna da dangi a Yola da Mubi, kuma ba sa barin waya ta huta. Amma ba tsokanar 'yan'uwa ce ta sa na ɗauki alƙalami ba. Wata magana ce da ba ta ƙarewa a wurin mai shayin unguwarmu: duk lokacin da kujerar koci ta zama babu kowa, sai ka ji ana cewa a ba wane, ai ya buga, ya san ƙwallo. Ni kuwa ra'ayina shi ne wanda ya buga ya san ƙwallon da ke ƙafarsa ne. Ƙwallon da ke ƙafar mutum goma sha ɗaya wata sana'a ce daban, kuma koyonta ake yi kamar yadda ake koyon ɗinki ko ƙira.

Akwai wani filin ƙura da nake bi ta gefensa bayan la'asar. Shekarun baya wani tsohon ɗan wasa da ya taɓa bugawa a babban rukunin ƙasar nan ya karɓi horar da yaran wurin. Ko a lokacin, da tumbinsa da komai, in aka cillo masa ƙwallo daga sama sai ta kwanta a kan ƙafarsa kamar an ajiye da hannu. Wata rana na tsaya ina kallo, ana cillo wa wani yaro ɗan shekara goma sha biyu, ƙwallon na dukan ƙafarsa tana tsalle ta yi gaba. Sau uku, sau huɗu. Kocin ya daka masa tsawa: "Kai, tare ta mana! Tarewa kawai!" Yaron ya ce, "To Kawu, yaya zan yi?" Sai ya karɓi ƙwallon ya sake nunawa, ta kwanta lumui, ya ce, "Haka." Bai iya faɗin abin da ya yi ba, domin shi bai taɓa tunaninsa ba, ƙafarsa ce ta sani, ba bakinsa ba. Wanda ya warware wa yaron matsalar wani malamin firamare ne da ke taimakawa da tara kuɗin ruwan sha, wanda ban taɓa ganin ya yi gudu da ƙwallo ba. Ya ja shi gefe ya ce, "Ɗana, kada ka tarbe ta da ƙafa a sandare. In ta zo, ja ƙafar baya kaɗan, kamar mai karɓar ƙwai." Kafin magariba yaron ya fara kwantar da ita.

Mun san wannan a wani fagen, ƙwallo ce kawai ke rufe mana ido. Ba kowane mahaddaci ne ke iya zama da yara talatin masu allo ya fitar da su ba. Akwai gwanin da in ya ja baƙi sai jikinka ya yi sanyi, amma ba shi da haƙurin maimaita wa ƙolo harafi ɗaya sau arba'in. Ba wanda ke ganin wannan a matsayin raini ga haddarsa.

Arrigo Sacchi, wanda bai taɓa buga ƙwallon kuɗi ba, takalma ma yake sayarwa kafin ya zama koci, ya ci kofin Turai da Milan a 1989 da 1990. Da aka yi masa gorin bai buga ba, amsar da ya bayar ta shahara: bai san sai mutum ya taɓa zama doki kafin ya zama mahayi ba. Duk wanda ya taɓa kallon hawan sallah a ƙofar Lamiɗo zai gane zancen nan ba tare da fassara ba. José Mourinho tafinta ya taɓa yi, yana fassara wa koci Bobby Robson. A nan filinmu na Roumdé Adjia ma mun gani da idonmu a gasar kofin Afirka ta Janairun 2022: Masar da ta zauna rukuni a Garwa, Carlos Queiroz ne kocinta, mutumin da ba wanda ke tuna shi da wasa. Najeriya ta doke shi 1-0 a wasan farko, muka yi ta yi masa dariya. Shi ne ya bi ta kan Kamaru a wasan kusa da na ƙarshe ya kai wasan ƙarshe. Najeriyar kuwa, da tsohon kyaftin ɗinta Augustine Eguavoen a benci, ta cinye wasanninta uku na rukuni, sannan Tunisiya ta fitar da ita da ci ɗaya a wannan filin dai.

Na san abin da za a ce, kuma ba zan kauce masa ba. Za a ce ina ka bar Zinedine Zidane, da ya ci kofin zakarun Turai sau uku a jere daga 2016 zuwa 2018? Ina Pep Guardiola? Ina Franz Beckenbauer da Mário Zagallo da Didier Deschamps, da suka ci kofin duniya suna 'yan wasa suka sake ci suna masu horarwa? A nahiyarmu ga Stephen Keshi, da ya ci wa Najeriya kofin Afirka yana kyaftin a 1994, yana koci a 2013. Gaskiya ne, kuma wanda ya ce babban ɗan wasa ba ya zama babban koci ya yi ƙarya. Sai dai a duba hanyar da suka bi. Zidane ya zauna a bayan Carlo Ancelotti yana mataimaki, sannan ya sauka ƙungiyar matasan Madrid, Castilla, ya sha kashi a filayen da ba kowa ke kallo ba. Guardiola ya fara da ƙaramar ƙungiyar Barcelona a 2007, tana rukuni na huɗu a lokacin. Keshi ya yi mataimaki a Najeriya, ya je ya kai Togo ga samun gurbin kofin duniya na 2006, ya horar da Mali, kafin ya dawo gida ya ɗauki kofi. Sunansu ya buɗe musu ƙofa, amma da suka shiga sai suka zauna a ƙasa suka ɗauki allo.

A ajiye su kusa da Diego Maradona, wanda samun irinsa a fili sai an tona. An ba shi Ajantina a 2008 don shi Maradona ne. Bolibiya ta yi masa 6-1, Jamus ta yi masa 4-0 a Afirka ta Kudu a 2010, da Messi a cikin fili. Thierry Henry bai wuce wata uku da 'yan kwanaki a Monaco ba. Shi kansa Seedorf, kafin a kawo mana shi a 2018, ya riƙe Milan, ya riƙe wata ƙungiya a Sin, ya riƙe Deportivo La Coruña, kuma babu inda ya cika shekara. Ta ƙarshen ma a hannunsa ta faɗi daga babban rukunin Sifaniya. Wannan duk a rubuce yake, ba ɓoye ba. Waɗanda suka ɗauke shi ba takardar aikinsa ta koci suka karanta ba, hotonsa da kofi suka kalla.

Batun Song ya fi wuya a bakina, don ina cikin masu ƙaunarsa. Mutum ne da ya tashi daga ciwon shanyewar jiki da ya kwantar da shi a 2016, ya dawo bakin fili. Kuma ba zan manta daren 29 ga Maris 2022 ba, kwana kaɗan kafin azumi, zafin Garwa na dukan mutum ko da dare. Ana neman gurbin kofin duniya, Aljeriya ta ci mu 1-0 a Duwala, aka je gidanta a Blida, aka shiga ƙarin lokaci, suka farke a minti na 118. A gidan kallon da nake, mutane sun fara neman takalmansu. Sai Karl Toko Ekambi ya jefa ta a minti na 124. Benci ya karye a ƙarƙashinmu, masu babura suka cika titi da hon har asuba. Wannan wasan, a ganina, sunan Song ne ya ci shi. Wata ɗaya kacal da naɗa shi, ba wani tsari da zai iya dasawa. Abin da ya ba yaran shi ne zuciya, irin wadda shi ya yi wasa da ita. Haka ma ranar da Vincent Aboubakar, wanda ƙungiyar Coton Sport ta rena a garin nan, ya sa wa Brazil kai a Qatar ya tuɓe riga, alƙali ya miƙa masa hannu sannan ya ɗaga masa jan kati. Ko da yake Brazil ta riga ta tsallake, ta kuma ajiye manyanta a benci, ba ƙasar Afirka da ta taɓa doke ta a kofin duniya kafin ranar.

To amma zuciya wasa ɗaya take ci, ba ta cin gasa. Shekara biyu Song ya yi, kuma har ya tafi ba wanda zai iya gaya maka da wane salo Kamaru ke wasa. Jeri na canzawa daga wasa zuwa wasa. Rigimarsa da André Onana ta sa gola mafi suna da muke da shi ya bar Qatar ana tsakiyar gasa. A Kodebuwa muka yi kunnen doki da Gini mai mutum goma, Senegal ta yi mana 3-1, da ƙyar muka ƙwaci kanmu hannun Gambiya a mintunan ƙarshe. Kuma ba za a ce ba a gwada shi a ƙasa ba: ya riƙe tawagar 'yan wasan gida, ya riƙe ta 'yan ƙasa da shekara 23, ba inda ya wuce matakin rukuni a gasar nahiya. Da wani ne mara suna ya kawo wannan sakamako, ko kiransa ba za a yi ba.

Nan ne nake ganin laifin ba na tsofaffin 'yan wasan ba ne. Wa za a miƙa wa tawagar ƙasarsa ya ce a'a? Laifin na masu naɗi ne, domin babban suna garkuwa ce gare su. In ka kawo wanda jama'a suka yi wa tafi shekara goma sha biyar, ka sayi shirun 'yan kallo na wata shida. In abu ya lalace kuma, shi za a zaga. Song kansa da sanarwar ministan wasanni aka naɗa shi, bisa umarnin shugaban ƙasa, watanni kaɗan bayan abokin wasansa Samuel Eto'o ya hau kujerar hukumar ƙwallo ta Fecafoot a Disambar 2021. Shi ma Eto'o tambayar ta hau kansa ta wata fuskar, don shugabancin hukuma ma sana'a ce daban da cin ƙwallo, kuma takaddamar da aka yi tsakaninsa da ma'aikatar wasanni kan naɗa koci Marc Brys a 2024 ta cinye mana watannin da ya kamata a yi atisaye a cikinsu.

Kofinmu na ƙarshe fa, wa ya kawo shi? Hugo Broos, a 2017. Ya buga ƙwallo sosai, har ya je kofin duniya da Beljiyam a 1986, amma ba don wannan aka san shi ba. Ya zo mana da kusan shekara talatin yana horarwa. Manyan 'yan wasa da dama, irin su Joël Matip, suka ƙi amsa kira. Ya tattara waɗanda suka zo. A wasan ƙarshe a Libreville, Masar na gaba da ɗaya, kuma mutum biyun da suka juya wasan, Nicolas Nkoulou da Aboubakar, duk daga benci suka taso. Wanda ya san lokacin da zai sako ɗan wasa, ya kuma iya ajiye Aboubakar a benci ba tare da ɗakin sauya kaya ya kama da wuta ba, wannan shi ne aikin da ake biya.

Misalin da ya fi burge ni kuwa shi ne Aliou Cissé, kuma da mu labarinsa ya ɗaure. Shi ne kyaftin ɗin Senegal da ya ɓarar da fenariti a wasan ƙarshe na 2002 a Bamako, Kamaru ta ɗauki kofi. Bai taɓa zama tauraro irin Eto'o ba. Ya fara da matasa, aka ba shi babbar tawaga a 2015. Mu muka fitar da shi a 2017 da bugun fenariti. A kofin duniya na 2018 yawan katin gargaɗi ne ya fitar da shi. A 2019 Aljeriya ta doke shi a wasan ƙarshe. A ƙasar nan da tuni an sallame shi sau uku. Senegal ta bar shi yana koyo a kan aiki, sai a Fabrairun 2022 ya ɗaga kofin a filin Olembe na Yawunde, shekara bakwai bayan naɗinsa. Wato ko wanda ya dace ma sai an ba shi lokaci, mu kuma ba ma bayarwa: muna ɗauka don suna, muna kora don fushi.

Ana nan kuma akwai masu horarwa a Garwa da Marwa da Ngaundare da suka yi shekara ashirin suna shan rana, suna bin motar haya da yara zuwa kudu, wani lokaci da kuɗin aljihunsu. Coton Sport ta kai wasan ƙarshe na kofin zakarun Afirka a 2008, ta yi 2-2 da Al Ahly a garin nan bayan an ci ta 2-0 a Alƙahira, ba tare da wani tsohon tauraron Turai a bencinta ba. Zinaren Olamfik na 2000 a Sydney ma ɗan ƙasa ne ya kawo shi, Jean-Paul Akono. Irin waɗannan ba sa shiga lissafi in ana neman koci, don ba su da hoto sanye da rigar Liverpool irin na Song.

Tsohon ɗan wasan nan na filin ƙura, in ba ku manta da shi ba, yana nan. Bara ya je kwas ɗin masu horarwa, ya zauna aji ɗaya da samarin da ya haifa. Ran nan na wuce na ji shi yana gaya wa wani yaro ya ja ƙafa baya kamar mai karɓar ƙwai. Malamin firamaren na gefe a kan benci yana ƙirga kuɗin ruwa, bai ko ɗago kai ba.