Anini ya tafi da hujjarsa, walaha fa me ta yi mana?

Ranar Talatar da ta wuce, a gidanmu na Talata Mafara, Inna ta aiki jikanta kasuwa ta ce ya dawo da walaha. Yaron, ɗan aji uku a sakandare, ya tsaya yana sosa ƙeya, can ya ce, "Kaka, a rumfar wa ake sayar da ita?" Aka yi ta dariya. Ni ma na dara, amma na kwana da abin a raina.

Walaha lokaci ce, bayan hantsi ya ɗaga, kafin rana ta take. Tana fitowa kullum a Mafara kamar yadda take yi tun zamanin kakanni. Sunan kawai muka yar.

Ba na cikin masu kukan kowace kalma da ta ɓace. Ɗauki kuɗi. Kafin Naira ta shigo a ranar 1 ga Janairu 1973, anini goma ke yin kwabo, ɗari rabin kwabo ne, ahu kwabo ɗaya da rabi, taro kwabo uku, sisi shida, nai tara, sule sha biyu, sule ashirin kuma fam guda. Wanda bai taɓa riƙe anini mai huji a tsakiya ba, da me zai tuna shi? Kuma masu cewa tsantsar Hausa ce ke tafiya su sani, kwabo da sisi da sule da fam duk daga bakin Bature muka aro su. Su ma sun ture wasu ne, irin su zangu da keso na zamanin wuri. Haka mazari da abawa da taskira suka bi kaɗi, tun da atamfar kanti ta shiga ɗakunan mata. Aci-balbal ta mutu a hannun fitilar ƙwai, ita kuma tocila da sola sun gama da ita. In abu ya tafi, sunansa kan bi shi, sai dai ya maƙale a karin magana, shi ya sa har yau mai kukan talauci ke cewa ba shi da ko sisi.

Abin da ke damuna daban ne: kalmomin da abinsu ke nan daram, mu muka juya musu baya. Jijjifi, walaha, la'asar sakaliya, almuru. Marka, wadda mu nan muke ce wa malka, tsakiyar damina ke nan lokacin da ruwa ba ya ɗaukewa. Agazari, zafin nan na gab da kaka. Manomin Bakura da ya ce "malka ta kama" ya gaya maka halin sama da na gona da na hanya a kalma uku. Ɗansa sai ya ce "ana ruwa sosai", magana ta zama lami. Haka metan da arbaminya da hamsaminya, yanzu ɗan kasuwa ya fi jin daɗin faɗin adadin da Turanci, ko da kuwa bai yi boko ba.

Mu mutanen Zamfara da Kabi muna da ƙarin ciwo. Daidaitacciyar Hausa a kan Kananci aka gina ta, ba laifi, dole a sami ta rubutu. Amma sai yaronmu ya je jami'a ya ce "gidanai" ko "wanga" ko "mi kaka so", a kwashe da dariya, ya dawo hutu yana gyara wa uwarsa magana. Kalma nawa ke mutuwa a wannan 'yar kunyar? Ƙamusun Bargery na 1934 ya tara dubban kalmomi, har da alamar na Sakkwato da na Katsina. Baturen mishan ya ga darajar rubuta su, jikokin masu su na ɓoye su.

Wani zai ce to a rubuta su a littafi a ajiye. A rubuta, amma ƙamus rumbu ne, iri kuwa sai an kai shi gona. Dubi gidauniya. Babbar ƙwarya ce, yau ga ta a labarai tana nufin ƙungiyar tallafi. Asusu tukunyar tara kwabbai ce da ake fasawa, yau har Asusun Ba da Lamuni na Duniya muke cewa. Jaka fam ɗari ce, ta koma Naira ɗari biyu ta ci gaba da yawo a kasuwa. Homa da gora suna bakin yaran Argungu saboda masunta na shiga kogin Matan Fada da su, a bikin kamun kifi da aka faro tun 1934. Duk wadda aka ba aiki ta rayu.

Wannan aikin kuwa na masu makirufo ne da masu alli. Me zai hana mai karanta sanarwa a rediyon Gusau ko Birnin Kebbi ya ce ɗaurin aure da walaha, ƙarfe goma? Me zai hana mai hasashen yanayi ya ce malka? Malamin Hausa ya daina jan jar biro a kan "wanga" kamar ɗalibi ya yi saɓo, ya nuna masa inda ake rubuta wannan da inda ake faɗin wancan.

Yaron dai ya dawo bayan azahar. Inna ta ce masa walaha ta ƙare a kasuwa, sai ya sake sammako Talata mai zuwa.