Matan Kance da Hanyar Aljeriya: Laifin Wa?

A ƙarshen watan Oktoban 2013 aka tsinci gawarwakin mutum 92 a hamadar arewacin Nijar, kusa da iyakar Aljeriya. Yara 52 ne, mata 33, maza bakwai kacal. Motocin da suka kwaso su daga Arlit ne suka lalace, ruwa ya ƙare, ƙishirwa ta gama da su. Yawancinsu mutanen Kance ne, a jihar Damagaram. Gwamnati ta ayyana makokin kwana uku, aka sha alwashin hakan ba zai sake faruwa ba. Har yau ana bin hanyar.

Duk lokacin da maganar ta taso, matan ake fara ɗora wa laifi. Wai kwaɗayi ne, wai wace irin uwa ce za ta goya jariri ta shiga sahara don ta yi bara a titunan Tamanrasat, a kudancin Aljeriya. Ni ban yarda da wannan hukunci ba, ko da yake raina na ɓaci idan na ga yaron da ya kamata a ce yana aji yana miƙa kwano ga baƙi.

Duk mai zargin matan, ya kamata ya je ƙauyukan Kance ya duba. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai, yau jikoki sun raba ta, kowa ya samu ɗan abin da bai kai a kira shi gona ba. Ƙasa ta gaji, babu hutu, babu taki. Hatsin da aka zuba a rumbu bayan kaka, a gidaje da yawa ba ya kai bazara. Maigida ya tafi ci-rani Kano ko Libiya, wani ya aiko, wani shiru. Matar ce yara ke kallo da safe. Sai ga maƙwabciyarta ta dawo daga Aljeriya da barguna da tukwane, ta sayi akuya biyu, ta yi wa ɗakinta rufin kwano. Wa'azin me za ka yi mata? Ruwa ba ya tsami banza.

Akwai masu laifi na gaske, kuma an san su: dillalan da ke cusa mutane a bayan mota kamar buhuna, masu karɓar 'ya'yan wasu su tafi da su bara bisa sharaɗin raba kuɗi, da mazajen da ke zaune a gindin bishiya suna jiran aike. Su ba a cika ambatonsu ba.

Hukumomi kuwa rufe ƙofa suka fi mayar da hankali a kai. A 2015 Nijar ta kafa dokar hana safarar baƙin haure, Tarayyar Turai na mara mata baya. Direbobi suka kauce wa rijiyoyin da aka sani, suka koma hanyoyin da idan mota ta mutu babu mai wucewa, kuɗin mota kuma ya tashi. A Nuwamban 2023 gwamnatin soja ta soke dokar. Kafawar da sokewar duk ba su ƙara wa rumbun Kance ko dami ɗaya ba. Aljeriya ma ba ta daina koro mutane ba. 'Yan Nijar a manyan motoci ake dawo da su, 'yan sauran ƙasashe kuma a ajiye su cikin rairayi, su taka kusan kilomita 15 kafin su iso Asamaka, garin Nijar na kan iyaka. Cikin waɗanda aka mayar gida, wasu ba sa daɗewa suke sake haɗa kuɗin mota.

Kuɗin da ake kashewa wajen kamu da jigila, da an zuba rabinsa a rijiyoyin noman rani, da bankin hatsi na ƙauye, da abincin rana a makarantun firamare, da an ga bambanci. Matar da ke da fegin albasa da kabeji a watan Janairu, ɗanta kuma na cin tuwo a makaranta, da wuya dillali ya same ta a tasha.