Birki ya koma kamar soso, bakanike kuma sai "zai zauna" yake ce min

Wallahi abin da wasu bakanikai ke yi wa mutane da birkin mota ya isa haka, birki fa ake magana ba rediyo ba. Tsohuwar Volkswagen Beetle ce da ni, irin waɗanda aka fara haɗawa a Legas tun 1975, tayoyinta huɗu duk birkin ganga ne, na ga yadda 'yan adaidaita ke tsayawa a gaban mutum ba sigina ba komai a Kano na ce bari a mayar da na gaba na faranti, na sayo kayan da tsada, kalifa biyu, wato abin da ke matse fad a jikin faranti in an taka birki, da faranti da fad ɗin, na miƙa wa wani oga da aka yi ta kuranta min shi wai ya san tsofaffin motoci.

An gama aiki na taka birki sai ƙafata ta tafi har ƙasa. Na ce Oga wannan fa? Ya ce haba Alhaji ai sabo ne, ka yi ta hawa zai zauna. Ina zai zauna? Eh sabon fad yana ɗan ɗaukar lokaci kafin ya kama faranti sosai, wannan kowa ya sani, amma feda ta nutse har ƙasa ai iska ce a layi ko kuma mai na zurarewa wani wuri, kuma Beetle ba ta da busta mai ƙara wa ƙafa ƙarfin taka birki balle a ɗora masa laifi, ƙafarka ce kawai da masta, wato famfon da ke tura man birki zuwa tayoyi.

Daga nan aka shiga bilidin, wato fitar da iska daga layin birki, yaro na ciki yana famfo oga na ƙasa yana ihun taka! riƙe! saki! man birki gwangwani bayan gwangwani duk daga aljihuna, feda tana nan jiya i yau. Sai ya ce masta ce ta mutu. Ko gwajin da ba ya cin kwabo bai yi ba: ka danne feda ka riƙe, in tana sulalewa ƙasa a hankali to robobin cikin masta ne ke barin mai ya koma baya, in kuwa ka yi famfo sau biyu uku ta yi tauri sannan ka saki ta sake laushi to iska ce ko shu ɗin baya, waɗanda ke goga cikin ganga in an taka birki, sun yi nisa da ita. Tawa famfo take amsawa. Duk da haka aka sa ni sayen sabuwar masta, ya ɗaura ta a bushe ko fitar mata da iska bai yi a kan benci ba, ya ƙara wa layin wata iskar.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne da wani dattijo mai gyaran tsofaffin motoci ya leƙa ƙarƙashin motar, ko sifana bai ɗauka ba ya ce wa ya ɗaura wannan? Kalifar dama tana hagu, ta hagu tana dama, ɗan notin da ake fitar da iska ta cikinsa yana kallon ƙasa. Iska sama take taruwa a cikin kalifa, in notin yana ƙasa ko shekara za ka yi kana bilidin mai ne kawai zai riƙa fita ita tana zaune abinta. Ya juya su, ya shiga baya ya matso shu ɗin da notocin saitin nan masu kama da tauraro biyu biyu da ke kowace taya don na Beetle ba sa saita kansu, ya fara bilidin daga tayar da ta fi nisa da masta, feda ta taso ta yi tauri. Ya kuma nuna min tiyon roba na gaba yadda yake kumbura in an taka, tiyon da ya kusa sa'ar motar, wai a ce an sa sabon faranti an bar wannan. Shi ma sai da na shiga Kofar Ruwa neman sabo. Man da ogan ya yi ta ɗurawa ma daga wata buɗaɗɗiyar gora yake tsiyayowa in nawa ya ƙare, alhali man birki irin su DOT 3 da DOT 4 ruwa suke zuƙa daga iska in an bar su a buɗe, birki na yin zafi man ya tafasa feda ta tafi.

Na koma wajen ogan da tsohuwar mastata wadda lafiyarta ƙalau na ce ya biya ni kuɗin sabuwar, ko kunya babu ya ce ai kalifofin ne ba a rubuta musu dama da hagu ba, kuma wai har yanzu yana bi na cikon kuɗin aiki. Na ce ya zo ya karɓa a gaban shugaban garejin nasu, har yau ban gan shi ba.