Wai Wane Ne Mai Mura a Cikinku?

Tunda kowa sai tambayata yake me ya haɗa ni da mai kalangunmu, har wasu na cewa kuɗin bikin da muka yi a Gwarzo ne, to ba kuɗi ba ne. Gara in faɗa da bakina kafin mutumin nan mai rake ya riga ni, don na ji labari ya fara.

Kun dai san yadda muke. Mu huɗu ne: ni a baki, sai mai fiyano, sai mai kalangu, sai ƙanena da ke amshi yana kuma ɗaukar sifika. Ba mu da waƙar kanmu ko ɗaya, na mutane muke rerawa a wajen kamu da dina, irin tsofaffin nan da iyaye mata ke miƙewa su yi liƙi in sun ji. Shekara biyu muna abu ko suna ba mu tsayar ba, kullum aka zauna zancen suna sai an tashi baram-baram. To wata Hajiya mai shirya biki ce ta ce mu turo mata sautinmu ta ji kafin ta sa mu a wani babban aiki bayan sallah. Muka tambayi kuɗin situdiyo, muka kalli juna, mai fiyano ya ce ai ɗakinsa na Ɗorayi ma situdiyo ne in an gyara.

Gyaran shi ne kiret ɗin ƙwai guda sittin da muka aro wajen mai shayin bakin layi muka manna a bango, katifa a jingine da ƙofa, safa a kan makirufo saboda iskar baki, da tsohuwar kwamfuta mai manhajar ɗaukar sauti ta Audacity a ciki tunda kyauta ake samunta. A watan Afrilu fa, a Kano, fanka a kashe don kar ƙararta ta shiga. Asabar uku muka yi muna dahuwa a ɗakin nan. Aka fara ɗaukar fiyano, aka ɗora kalangu, sannan muryata, sannan amshi. Waƙa uku. Da muka saurara a daren ƙarshe, wallahi har wani abu na ji yana min yawo a ƙirji. Na ce shi ke nan, Allah ya yanke mana wahala.

Na tura wa mutane, kowa na rubuta masa cewa don Allah ya faɗi gaskiya kar ya ji kunyata. Wani abokina ya amsa da “wuta!” bayan daƙiƙa ashirin da turawa, alhali waƙar minti shida ce. Umma ta saurara har ƙarshe, ta ce Allah ya yi albarka, sannan ta tambaye ni ina maganar aikin nan da kawuna ya ce in kai takarduna. Matar yayana ta ce ta ji daɗin kiɗan sosai. Kiɗan kawai ta ce, amma a lokacin ban lura ba.

Da mun tsaya nan da yanzu muna zaman lafiya. Ni ne da kaina na ce a kai wa masani ya ɗan goge mana kafin a tura wa Hajiya.

Kun san dattijon nan na Titin Gidan Zoo, wanda yake haɗa sauti tun zamanin kaset. Ya karɓe mu hannu bibbiyu, ya ce samari ku zauna. Ɗaki ga sanyin na'ura, ga sifiku biyu manya sun zuba mana ido. A kusurwa kuma wani mutum ne zaune kan kujerar roba, da jar hula, da leda a cinya, yana shan rake. Ba a gabatar mana da shi ba. Mun yi masa sallama ya amsa da kai saboda bakinsa a cike.

Oga ya buɗe waƙar farko, bai ma kunna ba ya ce inna lillahi. Ya nuna mana hoton sautin a allo. Ya ce sauti mai lafiya hawa da sauka yake yi kamar tsaunuka, namu kuwa kamar an jera bulo, sama a shafe ƙasa a shafe. Wai mun ƙure ƙarfin makirufo har ya wuce sifili ya shiga ja, kuma duk abin da ya wuce nan na'ura yanke shi take yi ta zubar. Na ce to Oga ai shi ya sa muka zo, a gyara. Ya ce, “Ɗana, in tuwo ya yi ƙauri, miya ake sakewa ko tuwon?”

Ya kunna. Abin da na ji a wayata kamar zuma, a sifikun nan sai ya fito da duk ƙashinsa a waje. Akwai wani gurnani a ƙasa tun daga farko har ƙarshe, wanda mu ba mu taɓa ji ba. Ya ce wutar lantarki ce, a ƙasar nan sau 50 take kaɗawa a daƙiƙa, kuma ta caja ta biyo ta shiga, nan gaba mu cire caja mu ɗauka da batir. Mai fiyano ya sunkuyar da kai, don batirin kwamfutarsa ko minti goma ba ya kaiwa. Kiret ɗin ƙwai kuwa dariya ya yi, ya ce ba ya tare ƙarar komai, ga shaida nan, ya nuna mana inda turmin maƙwabta ya shigo a baiti na biyu.

Sannan ya yi wata magana da har yanzu nake jujjuya ta. Ya ce waƙoƙin da muke ɗauka, masu su ba da inji suka yi su ba. Irin su marigayi Shata, bakin mawaƙi kalangu ke bi, in ya ja magana makaɗa su ja, in ya tsaya yin kirari su jira shi, kuma kalangun kansa magana yake, ana matse tsarkiyarsa a hammata yana hawa yana sauka yadda harshen Hausa ke yi. Kiɗan da ke cikin fiyano kuwa ba ya jiran uban kowa. Mun haɗa direba biyu a mota ɗaya, ni kuma ina baya ina binsu a guje kamar masbuƙi. Na so in ce laifin kwamfuta ne, don ya riga ya faɗa cewa tana jinkirta murya kaɗan in ana ɗora ta kan kiɗa. Ya ce wannan jinkirin ya cire shi tun ɗazu, wanda ya rage nawa ne.

Duk wannan mai sauƙi ne, karatu ne, da kuɗi ma ake nemansa. Sai mai rake ya tofar da ɓawo a leda, ya goge baki, ya yi maganarsa ta farko tun shigowarmu.

“Wai wane ne mai mura a cikinku?”

Shiru. Ƙanena ya kalli silin. Na ce babu mai mura. Ya ce, “A'a, mai waƙar nake nufi.” Na ce ni ne, kuma lafiyata ƙalau. Ya ce, “Ikon Allah.” Ya ci gaba da rakensa.

Oga, don ya raba gardama, ya ce bari mu ji muryar ita kaɗai. Ya danna wani ɗan maɓalli, fiyano ya ɗauke, kalangu ya ɗauke, amshi ya ɗauke. Saura ni.

Jama'a, in ba ku taɓa jin muryarku tsirara a sifikun situdiyo ba, ku roƙi Allah ya bar ku a haka. Numfashina kamar na wanda ya hau Dala da gudu. Haɗiyar yawu. Ƙarar leɓe. Akwai inda cikina ya yi kuka, ya fito tar, har da amsa-kuwwa. Kuma gaskiyar mai rake, ta hanci nake waƙar, ni da nake zaton muryar ce ke da zaƙi. Ina zaune gumi na karyo min a cikin sanyin nan, ina addu'a baitin ya ƙare. Baiti ya ƙare, aka zo inda kiɗa ke tafiya shi kaɗai na wajen rabin minti. Na sauke ajiyar zuciya, a zatona shiru za a ji.

Sai na ji kaina. Ƙasa-ƙasa, amma ko harafi bai ɓace ba.

“Kai jama'a. Wannan da dakan sakwara ya koma da ya fi mana.”

Na daskare. Na tuna ranar sarai. Asabar ta biyu ce, ina ɗora murya, abin ji na kunnena, kalangunsa na dukan ƙwaƙwalwata, shi kuma ya fita sayo mana ruwan leda. Da kuɗinsa. Na kawar da kai gefe na yi maganar, ban san irin makirufon nan ko tafiyar kiyashi yana ji ba. Duk kwanakin nan maganar tana cikin waƙar, mun tura wa dangi, shi kansa ya tura wa surukansa, ƙarar kalangun nasa ce ta rufa min asiri.

Na yi yunƙurin yin tari don in danne sauran, amma kafin in buɗe baki na cikin sifika ya riga ni.

“In Hajiya ta ba mu aikin nan, wallahi canza shi zan yi.”

Sai muryar mai fiyano daga nesa, ta ce, “Nima na gaji.”

Oga ya kai hannu da sauri ya tsayar. Dattijon kirki, ya shiga gyara gilashinsa kamar bai ji komai ba. Mai kalangu yana gefena a kan benci ɗaya, gwiwarsa na taɓa tawa. Ban iya juyawa ba, amma ina jin lokacin da ya janye gwiwar a hankali. Mai fiyano ya zaro waya ya kara a kunne yana “na'am, na'am”, wayar da kowa ke ganin fuskarta a kashe. Da an bar mu haka, wataƙila da na ce wasa ne, da wani abu ya zo min.

Mai rake ya ce, “Oga, ɗan dawo da shi baya, ban ji na farkon sosai ba.”

Kuma Oga ya dawo da shi. Ban sani ba ko hannunsa ne ya saba, duk wanda ya ce a maimaita sai ya maimaita. Muka sake ji daga “kai jama'a” har “nima na gaji”. Mai rake ya gyaɗa kai kamar alƙalin da ya gama sauraren shaidu, ya nuna mai kalangu da guntun rake ya ce, “Kai ne mai sakwarar?”

Ni fa mutumin nan shi ne ciwona, ba Oga ba, ba ma abin da na faɗa ba. Wane ne shi? Na bincika. Ba ma'aikacin wurin ba ne. Ba mawaƙi ba ne, shi da bakinsa ya ce bai taɓa waƙa ba amma Allah ya ba shi kunne. Yaron shagon da ke ƙasa ya ce min kullum bayan azahar yake zuwa ya sa cajin waya ya sha sanyi, shekara da shekaru, kuma babu wanda ya san wanda ya fara kawo shi. Wane irin mutum ne zai shiga ɗakin da ake cire takalmi saboda na'urori, ya zauna yana tsotsar rake? Kuma ko sau ɗaya bai yi dariya ba, abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Da ya yi dariya sai in ce ɗan iska ne in huta. Fuskarsa a ɗaure, da tausayi ma a ciki. Har shawara ya ba ni, wai in riƙa shan citta da kanumfari da zuma da asuba, wani ɗan'uwansa ma haka ya yi fama.

Da za mu fita ya miƙo min gaɓa ɗaya ta rake. Na karɓa. Wannan ne abin da na kasa yafe wa kaina. Har na gode na ce.

A adaidaita sahu babu wanda ya ce uffan har muka wuce Gadon Ƙaya. Mai kalangu ya rungume kalangunsa a cinya yana kallon titi. Can na ce, “Malam, ka san zafi ne ranar, mutum ba ya cikin hayyacinsa.” Ya ce, “Haka ne. Shi ya sa na je sayo ruwa.” Da muka sauka ya biya kuɗin mutum ɗaya ya yi gaba.

Na je gidansa sau biyu. Na farko aka ce ba ya nan, alhali ina jiyo shi yana ɗaure tsarkiya a tsakar gida. Na biyu ya fito, muka gaisa, ya tambayi Umma, ya ce zai yi tunani. Matarsa ta aiko min da abinci a kwano. Sakwara ce. Ban sani ba ko dama ita aka yi a gidan ranar.

Hajiya kuwa, ashe ƙanena ya riga ya tura mata tun daren farko ba tare da ya gaya wa kowa ba. Bayan kwana tara ta amsa, ta ce masha Allah, ko muna da lambar wani mai hayar kujeru.

Mai shayi ma ya aiko a mayar masa da kiret ɗinsa. Mun ɓamɓaro su jiya, sun taho da fentin bangon, saura mu san abin da za mu faɗa wa mai gidan. Guda hamsin da huɗu muka ƙirga.