Nikel-78: cikar bawo ba tsawon rai ba ce

Ɗalibai da yawa suna ɗauka cewa cibiyar zarra mai "lambobin sihiri" biyu (wato adadin furoton da na niyutiron da ke cika bawo, matakan da suke jeruwa a kai cikin cibiyar) dole ta daɗe ba ta rushe ba. Ba haka ba ne. Nikel-78 na da furoton 28 da niyutiron 50, bawo biyu duk a cike, amma rabin rayuwarsa (lokacin da rabinsa ke ɗauka ya rushe) kusan milisakan 120 ne kacal. Niyutiron sun yi masa yawa, 14 sama da na nikel-64 mai ɗorewa, don haka ɗaya kan rikiɗe ya zama furoton.

Abin da cikar bawo ke kawowa shi ne wuyar zaburarwa, wato sai da makamashi mai yawa cibiyar ke hawa mataki na gaba. A cibiyar bincike ta RIKEN da ke Japan, sakamakon 2019 ya nuna matakin zaburarsa na farko yana wajen MeV 2.6 (MeV ma'aunin makamashi ne), alhali na nikel-76 bai kai MeV 1 ba.