Cewa zargi "ludicrous" ne ba musantawa ba ne

Abin ya fara isata. Da zarar an taso wani babban jami'i da zargin ɓatan kuɗi, kafin la'asar kakakinsa ya fitar da sanarwa da Turanci yana cewa zargin "ludicrous" ne. Washegari sai ka ji a rediyo wai "ya musanta zargin". A ina ya musanta?

Kalmar nan ba ta nufin ƙarya. Daga Latin ta samo asali, daga "ludus", wato wasa, kuma da ta shigo Ingilishi a ƙarni na 17 abin raha ake nufi da ita. Yau ana faɗinta ne ga abin da wautarsa ta kai a tuntsire da dariya, shirme tsantsa. Wanda ya jefa ta ra'ayinsa kawai ya faɗa. Bai ce kuɗin suna asusu ba, bai nuna rasit ba, bai ce ga ɗan kwangilar da ya karɓa ba. Ya yi wa mai tambaya dariya ne ya wuce.

To a Najeriya wa ke da bakin cewa wani labari ya cika wauta har ba zai yiwu ba? A 2017 fadar shugaban ƙasa da kanta ta ce ɓeraye sun lalata ofishin Buhari bayan ya dawo daga jinya a Landan. A Fabrairun 2018 aka ruwaito cewa wata ma'aikaciyar JAMB a Makurdi ta gaya wa masu bincike maciji ne ya haɗiye naira miliyan 36. A 2022 hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF ta shaida wa kwamitin majalisar dattawa cewa gara ta cinye takardun kashe sama da naira biliyan 17. Duk daga ofisoshin gwamnati waɗannan suka fito. Mutanen da suka ba mu maciji da gara, su ne yau za su koya mana abin da hankali zai ɗauka?

Masu cewa ai ba kowane shaci-faɗi ne ya cancanci amsa ba, su fara gaya mana dalilin da ya sa masu ɗauke da takardun shaida ma irin amsar da suke samu ke nan.

Amma na fi ganin laifin editocinmu. Turanci mai nauyi na razana su, su ji kalmar da ba su saba da ita ba su ɗauka magana ta ƙare. Idan kakaki bai taɓa lambobin da aka lissafa ba, a rubuta cewa ya ƙi amsa zargin, kuma a sake buga masa waya gobe.